Sansanonin aikin gandun daji na Amurka a zamanin karayar tattalin arziki: yaya aka tafiyar da su?

Aminu ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan uwana. Ina da tambaya a kan wani ɓangare na tarihin Amurka wanda ake yawan ambatonsa duk lokacin da aka zo maganar samar wa matasa aikin yi. An ce a shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya karye, gwamnati ta kwashi samari marasa aikin yi ta kai su dazuzzuka, ta kafa musu sansanoni, suka riƙa dasa itatuwa da gyaran ƙasa ana biyansu. Shirin shi ne wanda ake taƙaita sunansa da CCC, wato rundunar farar hula mai kula da albarkatun ƙasa.

Abin da nake son fahimta shi ne yadda aka gudanar da shi a aikace. Wane ne ya riƙa ɗaukar samarin, wane ne yake ciyar da su, kuma nawa ake biyansu? Na ji an ce sojoji ne suke riƙe da sansanonin, to idan haka ne, me ya bambanta wannan da aikin tilas ko da ɗiban soja? Sannan ina so in san ko aikin da suka yi ya amfani ƙasar da gaske, ko kuwa hanya ce kawai ta raba kuɗi da aka lulluɓe da sunan dashen itace. Wanda ya san tarihin nan da kyau ya taimaka ya yi mana bayani, Allah ya saka da alheri.

Malam Habu ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Aminu. Kafin a fahimci shirin sai an fara duba halin da ƙasar take ciki. Kasuwar hannun jari ta New York ta faɗi a watan Oktoba na 1929, daga nan bankuna suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, masana'antu suka sallami ma'aikata, farashin amfanin gona ya zube. Ya zuwa farkon 1933, kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu masu iya aiki ba shi da abin yi, wato wajen mutum miliyan 13. Samari da yawa sun bar gida don kada su zame wa iyayensu nauyi, suna maƙalewa a taragun jirgin ƙasa daga wannan gari zuwa wancan. A gefe guda kuma ƙasar kanta ta gaji, domin an yi shekaru ana sare dazuzzuka ba a mayarwa, ruwan sama yana kwashe ƙasar gonaki, gobara tana cinye abin da gatari ya bari.

Franklin Roosevelt ya hau mulki ranar 4 ga Maris, 1933, kuma mutum ne mai son itace tun asali. Ya dasa dubban itatuwa a gandun gidansu da ke Hyde Park, kuma lokacin da yake gwamnan jihar New York ya riga ya gwada sanya marasa aiki cikin aikin farfaɗo da daji. Saboda haka haɗa matsalolin nan biyu wuri guda, ta samari da ta ƙasa, tunaninsa ne na kansa. Ya aika wa majalisa buƙatar ranar 21 ga Maris, ya sa hannu a dokar ranar 31 ga watan, ya fitar da umarnin kafa hukumar ranar 5 ga Afrilu, sannan aka buɗe sansani na farko ranar 17 ga Afrilu a wani gandun daji na gwamnati kusa da garin Luray a jihar Virginia. Ya zuwa farkon Yuli an zuba samari kimanin 250,000 a sansanoni fiye da 1,400. Duk wanda ya san yadda takarda take kwana a ofisoshin gwamnati zai gane cewa wannan saurin ba ƙaramin abu ba ne.

Sirrin saurin shi ne ba a tsaya gina sabuwar ma'aikata ba, sai aka raba aikin ga waɗanda suke da kayan yinsa. Ma'aikatar ƙwadago ita ce take zaɓo samarin ta hannun ofisoshin agaji na jihohi. Rundunar soja ita ce take duba lafiyarsu, ta ba su tufafi, ta kai su inda za su zauna, ta gina bariki, ta ciyar da su, ta biya su. Ma'aikatar aikin gona da ma'aikatar cikin gida, waɗanda hukumar gandun daji da hukumar wuraren shaƙatawa na ƙasa suke ƙarƙashinsu, su ne suke tsara aikin da za a yi kuma su sa ido a kansa. Ma'ana, da safe hafsan soja yana miƙa samarin ga malamin daji, da yamma malamin daji ya mayar masa da su. An sa soja a ciki ne domin a lokacin babu wata hukuma a ƙasar da za ta iya ciyar da mutum dubu ɗari biyu da hamsin a tsakiyar daji cikin wata uku in ba ita ba.

Tsoron da ka bayyana, Malam Aminu, an bayyana shi tun a lokacin. Shugaban babbar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasar, William Green, ya soki shirin a gaban majalisa, yana ganin za a mayar da ma'aikata tamkar sojoji kuma dala ɗaya a rana za ta karya darajar albashi. Don a kwantar wa 'yan ƙwadago hankali sai Roosevelt ya naɗa ɗaya daga cikinsu, Robert Fechner, jigo a ƙungiyar makanikai, ya shugabanci hukumar, kuma ya riƙe ta har rasuwarsa a ƙarshen 1939. A shekarun farko ba a koya wa kowa harbi ba, ba a yin fareti irin na soja, kuma ba a kamo kowa da ƙarfi. Mutum shi yake kai kansa ya rubuta suna na wata shida, idan ya so ya sabunta, har zuwa shekara biyu. Wanda ya gudu ba a tura 'yan sanda su kamo shi, iyaka dai a soke sunansa ya rasa kuɗinsa, kuma waɗanda suka gudu ba kaɗan ba ne, musamman a shekarun ƙarshe.

Sharuɗɗan shiga da farko su ne mutum ya kasance namiji, marar aure, mai shekara 18 zuwa 25, daga gidan da yake cikin buƙata. Daga baya aka faɗaɗa shekarun zuwa 17 har 28. Albashi dala 30 ne a wata, amma dala 25 ba ta ma shiga hannun yaron, kai tsaye ake aika wa iyayensa ko wanda yake ɗaukar nauyinsu, shi kuma a bar masa dala biyar ta sabulu da alewa da kallon sinima. A ganina wannan ƙa'ida ita ce ƙashin bayan shirin gaba ɗaya. Saurayi ɗaya ya tafi daji, amma gida guda ne ya samu abin sawa a tukunya, kuma kuɗin yana zuwa hannun uwar da ba za ta ajiye shi ba, kasuwa za ta kai shi a makon. Ga shi kuma an rage mata baki ɗaya a gida. Waɗanda aka ɗora a kan 'yan uwansu a matsayin shugabannin ƙungiya suna karɓar dala 45, mataimakansu dala 36.

Kowane sansani yana ɗaukar kimanin mutum 200. Da farko a tantuna suke kwana, daga baya aka gina bariki na katako da ɗakin cin abinci da ɗakin shan magani. Ana tashinsu da misalin ƙarfe shida, su yi aikin awa takwas, kwana biyar a mako, abinci sau uku a rana. Da yawa daga cikinsu sun zo a rame, suka koma gida da ƙiba. Da daddare akwai aji, inda dubun dubata suka koyi karatu da rubutu, wasu kuma suka koyi tuƙi da kafinta da gyaran mota da buga tafireta. An kuma yi wata dabara da ba a cika ambato ba: an ɗauki mutanen yankin da suka san daji, magidanta ne yawancinsu, a matsayin masu koyarwa da ja-gora. Da ba a yi haka ba, da mutanen ƙauyukan sun ga an kawo baƙi daga birni ana biyansu a kan aikin da su suka fi iyawa, kuma da an samu rikici.

Shirin ya kai ƙololuwarsa a 1935 da kimanin mutum 500,000 a sansanoni wajen 2,600. Daga farkonsa zuwa ƙarshensa a 1942, mutum miliyan uku ne suka ratsa ta cikinsa.

Malama Rakiya ta rubuta:

Malam Habu ya yi bayanin tsarin, ni kuma zan taɓa tambaya ta ƙarshe, wato ko aikin ya amfani ƙasar. Amsata ita ce ya amfana ƙwarai, sai dai ba duk abin da aka yi da sunan gyara ba ne ya zama gyara.

Adadin da aka fi ambato shi ne itatuwa kimanin biliyan uku, yawancinsu a wuraren da kamfanonin katako suka share suka tafi, kamar jihohin Michigan da Wisconsin da Minnesota da kuma kudancin ƙasar. Amma dashe ɓangare ne kawai. Samarin sun gina dubban hasumiyoyin hangen gobara, sun ja wayar tarho a tsakaninsu don wanda ya hango hayaƙi ya sanar, sun fasa hanyoyin mota a cikin daji, sun gina gadoji da ƙananan madatsun ruwa, sun yi yaƙi da cututtukan itace da ƙwari. Kashe gobara ma aikinsu ne, kuma aiki ne mai cin rai, domin a gobarar da ta tashi a gandun dajin Shoshone na jihar Wyoming a 1937 mutum 15 ne suka mutu, yawancinsu 'yan wannan runduna. Ɗaruruwan wuraren shaƙatawa na jihohi da na ƙasa su suka gina su ko suka gyara su, kuma har yau jama'a suna amfani da rumfunan dutse da ɗakunan katako da suka bari, misali a Shenandoah ta Virginia, inda Roosevelt da kansa ya kai musu ziyara a watan Agusta na 1933.

Abin da ya fi burge ni shi ne aikin hana zaizayar ƙasa, domin shi ne ya shiga gonakin talakawa. Wani masanin ƙasar noma mai suna Hugh Bennett ya yi shekaru yana faɗa wa Amurkawa cewa gonakinsu suna tafiya da ruwa, ba a saurare shi ba sai da fari ya afka wa filayen tsakiyar ƙasar, iska ta riƙa ɗaga ƙasar gonakin Oklahoma da Kansas da Texas, har ƙurar ta isa birnin Washington. Guguwar ƙura mafi muni ta auku ranar 14 ga Afrilu, 1935, kuma kafin watan ya ƙare majalisa ta kafa hukumar kare ƙasar noma ta dindindin, Bennett yana shugabanta. Hukumar tana da ilimi amma ba ta da hannaye, sansanonin nan kuma suna da hannaye. Sai aka riƙa ƙulla yarjejeniya da manomi, samari su zo su toshe masa kwazazzabai da duwatsu da rassa, su yi masa kunya mai bin kwanciyar tudu maimakon mai gangarowa, su dasa ciyawa da itace a gangaren da bai kamata a nome ba, shi kuma ya yi alkawarin bin tsarin na wasu shekaru. A kwarin Coon na jihar Wisconsin aka fara wannan gwaji a 1933, kuma maƙwabta da suka ga gonar da aka gyara ta riƙe ruwa sai suka riƙa kwaikwayo da kansu.

Kurakuran kuwa ga su. A kudancin ƙasar an ɗauki wata ciyawa mai yaɗo da ake kira kudzu, wadda asalinta daga gabashin Asiya ne, aka dasa ta da yawa don ta riƙe ƙasa, har ana biyan manoma su shuka ta. Ta riƙe ƙasar, amma daga baya ta gagari kowa, tana hawa itatuwa da turakun lantarki tana lulluɓe su, kuma yau ana kashe kuɗi don a kashe ta. An kuma janye ruwan fadamu da dausayi da yawa da sunan yaƙi da sauro, aka lalata mazaunin tsuntsaye da kifi. A wurare da dama an dasa itace iri ɗaya a jere, abin da ya fi kama da gonar katako fiye da daji. Masana irin su Aldo Leopold da Bob Marshall sun koka tun a lokacin cewa hanyoyin mota da ake fasawa suna shiga wuraren da ya kamata a bar su yadda Allah ya halicce su, kuma wannan damuwa tana daga cikin abin da ya sa suka kafa ƙungiyar kare dazuzzukan da ba a taɓa ba a 1935. Haka nan manufar kashe kowace gobara da zarar ta tashi, wadda yawan ma'aikatan nan ya sa ta yiwu, daga baya an gane cewa ta bar busassun itatuwa suna taruwa a dazuzzukan da dama can ƙaramar wuta ce take share su lokaci zuwa lokaci. Idan aka ba hukuma mutum dubu ɗari biyar, dole ta nemo musu abin yi kowace safiya, kuma wani lokaci abin da daji yake buƙata shi ne a ƙyale shi.

Akwai kuma abin da ake yawan haɗawa da wannan shiri alhali ba shi kaɗai ya yi ba, wato shingayen itatuwa masu tare iska da aka dasa daga North Dakota zuwa Texas tsakanin 1934 da 1942, kimanin itace miliyan 220. Hukumar gandun daji ce ta tsara shi, kuma yawancin ma'aikatansa daga wani shirin samar da aiki ne dabam, wanda yake ɗaukar magidanta suna kwana a gidajensu. Wanda ya ga shingayen darbejiya da turare da aka dasa a arewacin Kano da Jigawa da Katsina ya san irin abin da ake nufi. Waɗancan na Amurka sun yi aikinsu, amma bayan shekaru, da manyan injinan noma da na ban ruwa suka shigo, manoma da yawa sun tumɓuke su don su faɗaɗa gona.

Aminu ya rubuta:

Na gode, Malam Habu da Malama Rakiya, Allah ya ƙara sani. Na lura Malam ya ce maza kaɗai ake ɗauka, to ina matan? Kuma tun da a lokacin akwai wariyar launin fata a Amurka, shin baƙar fata sun samu shiga kamar kowa? Sannan Amurka ce kaɗai ta yi irin wannan, ko akwai wasu ƙasashe?

Alhaji Isuhu ya rubuta:

Ɗana Aminu, tambayoyin nan naka su ne suke nuna inda shirin ya gaza, kuma ina ganin bayanin Malam Habu, duk da ingancinsa, ya ɗan yi wa gwamnatin Roosevelt sassauci.

Lokacin da ake muhawara a kan dokar, Oscar De Priest, ɗan majalisa daga Chicago kuma baƙar fata tilo a majalisar a wancan zamani, ya sa an ƙara sharaɗin cewa ba za a nuna bambanci saboda launi ko addini ba. An rubuta shi a takarda, amma waɗanda suke zaɓen samari jami'an jihohi ne, kuma a kudu, musamman a Georgia, da farko sun riƙa cika gurabe da farar fata har sai da ma'aikatar ƙwadago ta yi barazanar dakatar da ɗiban mutane a jihar. Daga baya aka tsayar da rabon baƙar fata a kan kusan kashi goma cikin ɗari, daidai da yawansu a ƙasar, alhali talaucinsu ya ninka na sauran. A 1935 Fechner, wanda haifaffen kudu ne, ya ba da umarnin a raba sansanoni gaba ɗaya, na baƙi dabam na farare dabam, kuma kusan duk hafsoshin da aka ɗora a kan sansanonin baƙi farar fata ne. Garuruwa da dama sun rubuta takardar koke cewa ba sa son a kafa sansanin baƙar fata kusa da su. Duk da haka fiye da mutum 200,000 daga cikinsu sun shiga, sun karɓi dala 30 ɗin nan kamar kowa, kuma ga gidajensu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙabilun asali na ƙasar an yi musu reshe na musamman, wanda ya ɗauki fiye da mutum 80,000. Su ba a kai su nesa ba, a yankunansu suka yi aiki, ana gina rijiyoyi da madatsu da shingen makiyaya, kuma an yarda da magidanta. Akwai kuma 'yan mazan jiya na yaƙin duniya na farko. A 1932 dubbansu sun yi zaman dirshan a Washington suna neman a biya su haƙƙinsu, gwamnatin Herbert Hoover ta sa soja suka tarwatsa su aka ƙone bukkokinsu. Da suka sake taruwa a 1933, sai Roosevelt ya tura matarsa Eleanor ta gana da su, kuma aka buɗe musu gurabe 25,000 a sansanoni nasu na kansu. Wannan siyasa ce, kuma ta yi aiki.

Mata kuwa ba a ɗauke su ba ko ɗaya. Eleanor Roosevelt ce ta matsa har aka buɗe wasu 'yan sansanoni na mata a ƙarƙashin wata hukumar agaji dabam, na farko a Bear Mountain ta jihar New York, amma duk waɗanda suka amfana ba su kai dubu goma ba, a gefen maza miliyan uku.

Game da sauran ƙasashe, misalai biyu sun isa su nuna cewa sansani da shebur ba su ne suke sa shiri ya yi kyau ba. Kanada ta riga Amurka, domin ta buɗe nata a 1932 a zamanin firaminista R. B. Bennett, a ƙarƙashin ma'aikatar tsaro. Manufarta ta farko ita ce a kwashe gwauraye marasa aiki daga birane don gudun tarzoma. Ana ba mutum santi 20 a rana, babu abin da ake aika wa gida, babu karatun kirki, kuma wanda ya ƙi zuwa yana iya rasa agajin da ake ba shi. Aikinsu yawanci hanyoyi ne da filayen jirgin sama. Ba a daɗe ba suka kafa ƙungiya, suka yi yajin aiki suka taru a Vancouver a 1935, sannan suka hau taragun kaya suka nufi Ottawa don su kai kukansu. Gwamnati ta tare su a Regina, aka yi arangama ranar 1 ga Yuli, aka zubar da jini. Firaminista Bennett ya faɗi zaɓe a wannan shekarar, sabuwar gwamnati ta rufe sansanonin a 1936.

Jamus kuma ta fara da aikin sa kai a 1931, kafin Hitler. Da 'yan Nazi suka karɓi mulki sai suka mayar da shi dole a 1935, kowane saurayi ya yi wata shida yana janye ruwan fadama da gyaran filaye kafin ya shiga soja, ana koya masa aƙidar jam'iyya, yana fareti da shebur a kafaɗa kamar bindiga. Saboda wannan misali ne ma Amurkawa da yawa suka riƙa ɗari-ɗari da duk wata magana ta mayar da nasu shirin wajibi ko na dindindin.

Malam Habu ya rubuta:

Alhaji, ranka ya daɗe, abin da ka kawo a kan wariya haka yake, kuma ya kamata duk mai yabon shirin ya faɗe shi. Zan ƙara bayani ne kawai a kan yadda ya ƙare da kuma iyakar abin da ya iya yi.

Shirin bai kawo ƙarshen karayar tattalin arziki ba, kuma ba zai iya ba. Mutum dubu ɗari uku zuwa dubu ɗari biyar a lokaci guda, a ƙasar da miliyoyi suke zaune, agaji ne mai kyau amma ba magani ba. A 1938 ma rashin aiki ya sake tashi bayan gwamnati ta rage kashe kuɗi. Ba shi da arha kuma, domin kowane saurayi yana cin wa gwamnati kimanin dala dubu a shekara idan aka haɗa abinci da tufafi da gini da albashin masu kula da shi, jimillar kuɗin kuma ta kai wajen dala biliyan uku. Amma jama'a sun so shi fiye da sauran shirye-shiryen Roosevelt, har 'yan adawa. A 1936, da shugaban ya so ya rage yawan sansanoni don ya tsuke kasafin kuɗi, 'yan majalisa na jam'iyyarsa ne suka yi masa bore, domin kowane sansani yana sayen nama da burodi da madara da katako a garin da yake kusa da shi, kuma babu ɗan majalisar da yake son a rufe na mazaɓarsa.

Duk da wannan farin jini, da ya nemi a mayar da shirin hukuma ta dindindin a 1937, majalisa ta ƙi, ta dai ƙara masa wa'adi. Daga 1940 masana'antun makamai suka fara ɗaukar ma'aikata da albashi mai tsoka, aka kuma fara ɗiban soja, sai masu neman shiga sansani suka ragu, aka karkatar da sauran zuwa aiki a barikokin soja. Bayan harin da Japan ta kai sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor a Disamba 1941, wanda ya jefa ƙasar cikin yaƙin duniya na biyu, babu sauran hujjar riƙe samari a daji, majalisa ta yanke kuɗin a watan Yuni na 1942. Soja ta ci riba biyu: ta samu samari masu lafiya da suka saba da zaman bariki, ta kuma samu hafsoshi da suka koyi sarrafa farar hula. George Marshall, wanda ya zama babban hafsan sojan ƙasa a lokacin yaƙin, ya kula da irin waɗannan sansanoni a kudu da kuma arewa maso yamma.

Malam Aminu, idan kana kwatanta wannan da shirye-shiryen da muka gani a gida, kamar na ɗaukar mutum dubu a kowace ƙaramar hukuma cikin 774 ana biyansu naira 20,000 a wata na tsawon wata uku, to ka duba tsawon wa'adi da kuma wanda ya tsara aikin. Can kafin a kai saurayi daji akwai malamin daji da ya riga ya auna wurin, ya tanadi irin da za a dasa a gidan renon itace, kuma bayan an rufe sansanin hukumar gandun daji tana nan tana gadin abin da aka dasa. Itace yana buƙatar shekaru ana tsare shi daga awaki da wuta kafin ya tsaya da ƙafarsa, wata uku ba ta isa ko a ga wanda ya kama ba.

Malama Rakiya ta rubuta:

A kan batun gadin abin da aka dasa, yana da kyau a tuna cewa yawancin dashen da samarin nan suka yi a filayen gwamnati ne, inda ruwan sama yake wadatacce kuma babu mai kiwo ko mai neman itacen girki da zai shiga. Yanayinmu ba haka yake ba. A yankunan Maraɗi da Damagaram, abin da ya dawo da itatuwa a miliyoyin kadada tun daga shekarun 1980 shi ne manoma sun riƙa barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu suna sassabe shi suna renonsa, bayan sun tabbata cewa itacen zai zama nasu. Saboda haka ɓangaren shirin Amurka da ya fi kusa da buƙatarmu shi ne wancan na hana zaizaya, inda gwamnati ta kawo ma'aikata da masani, manomi kuma ya sa hannu a yarjejeniya ya ci gaba da kula da gonarsa bayan samarin sun naɗe tantunansu.